Aibin da Makaɗa Suke Saye da Tsada

Duk wanda ya zauna a Kusa, inda hanyar Katsina take ratsa ƙasar Jibiya ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ya san ba haja kaɗai ke ƙetare iyaka ba, har da kiɗa. Kuma cikin abin da ke gangarowa daga arewa akwai jitar Abzinawa, irin ta Bombino ɗan Agadas da ta Mdou Moctar, wanda ya ɗauki faifansa na farko a Sakkwato a 2008. A kiɗan nan ana jin wani kaushi, wani gurnani, wanda mai gyaran rediyo zai rantse lalacewa ce, alhali kuwa shi makaɗin yake nema da gangan. Kunnen Bahaushe ma bai kamata ya yi mamaki ba, tun da yake masu garaya sun daɗe suna ɗaura ƙarfe a kan sandarta domin ya riƙa zuga tare da tsirkiya.

Asalin al'amarin yana ga amfilifaya irin ta dā, mai aiki da bawul, wato kwalbar da aka zuƙe iskarta. Domin idan aka ɗora wa bawul abin da ya fi ƙarfinsa, sai ya danne kan sautin sannu a hankali, ya haifar da kaushi mai daɗi, saɓanin taransisto, da aka ƙago a Amurka a 1947, wanda yakan datse shi farat ɗaya. Illa dai tsofaffin akwatunan amfilifaya, kamar Fender Bassman na 1959, ba sa gurnani sai an ƙure su har maƙwabta sun kawo ƙara.

Saboda haka masu sana'a suka ƙirƙiro dabarun gaggauta gurnanin. Mafi sauƙi, a cire bawul ɗin farko, 12AY7, mai ninka sauti kusan sau 40, a sa 12AX7 mai ninkawa sau 100. Wasu sukan rage sautin da ake mayarwa baya domin ladabtar da na'urar, wasu su ƙara makunnin ƙarfin sauti na biyu, yadda sashen farko zai cika ya tumbatsa alhali lasifika tana magana a hankali. Kamfanin Marshall ya mayar da wannan ƙa'ida a 1975.

A ganina musanya bawul halas ce, tun da ana iya komawa. Amma huda jikin tsohon akwati domin ƙara makunni ɓarna ce da take karya darajarsa har abada. Wajibi ne kuma mai gyara ya sani cewa cikinsa akwai wuta da takan haura bolt 400, wadda take maƙalewa ko bayan an zare waya, kuma akwatin Amurka na wutar 120 ne, tamu kuwa 230, don haka sai da taransifoma a tsakani.