Malami Biyu a Aji Ɗaya: Yadda Tsarin Zai Yiwu a Kornaka

Shekaru da dama, yaron da ya kurmance ko ya makance a Nijar hanya ɗaya gare shi ta karatun boko: makaranta ta musamman a babban birni, kamar ta makafi ta Soly Abdourahamane a Yamai, ko ta kurame a Maraɗi da Damagaram. Manomin Kornaka, can kan hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro, wa zai riƙe masa yaro a birni? Sai yaron ya zauna gida, ko ya bi sahun masu bara.

Tun bayan taron Salamanka na 1994 aka fara juya akala, aka ce kowane yaro ya shiga lakwal ɗin garinsu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, kuma ƙungiyar Handicap International ta daɗe tana aikin shigar da irin waɗannan yara makarantun birnin Maraɗi. Amma shigar da yaro aji daban, koya masa daban. Mushe, wato malamin lakwal, da ya fito daga makarantar horon malamai, balle ɗan kwantiragi, da wuya ka same shi ya iya maganar hannu ko rubutun makafi. Wannan giɓin ne ya haifi tsarin malami biyu: mai aji ya san darasi, ƙwararre ya san yaron, su shirya tare, su koyar tare.

Amfaninsa a fili yake. Yarinyar da sanƙarau ya toshe wa kunne, aka saba ajiye ta a ƙarshen tabarma, sai ƙwararren ya dawo da ita gaba inda za ta ga bakin mushe, ya hana mushen magana yana fuskantar allo, ya kawo tsakuwa da karan gero a yi lissafi da su. Nan take sauran yara ma suke cin moriya, musamman waɗanda Faransanci ke ba su wuya, domin abin da aka nuna da hannu ya fi zama a kai. Tsarin kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu: a makarantar allo malam na biya wa wasu, gardi na zagayawa yana gyara wa wasu, kuma makafi nawa ne suka haddace Alƙur'ani a haka?

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da yawan malamai. A Amurka ana iya biyan malami biyu albashi su wuni a aji guda. A ƙauyukan Kornaka kuwa, akwai inda mushe ɗaya ke riƙe da aji biyu, wasu azuzuwan ma rumfunan zana ne da ba a kafa su sai an gama girbi. Wanda ya ce a kwafo tsarin Amurka yadda yake bai san wurin ba.

Abin da nake ganin zai yiwu shi ne malami mai zagaye, irin wanda aka jarraba a arewacin Togo: ƙwararre ɗaya da babur, yana bin makarantu kaɗan, yana shiga aji a ranaku sanannu. Sai dai a nan ma akwai tarko, kuma shi ya fi damuna. Da zarar mai aji ya ɗauka cewa kurman nan “ɗan mai babur” ne, to ya sauke nauyi. Yaron zai yi karatun rana ɗaya, ya yi zaman jira sauran mako. Dole zuwan ƙwararren ya zama horo ga mai aji, har ya iya da kansa.

Canjin wurin aiki shi ma yana rushe abin. A horar da mushe, shekara ta zagayo a ɗauke shi zuwa wata gunduma, yarinyar ta koma ƙarshen layi da sabon malamin da bai san ko gaisuwa da hannu ba. Hukumar ilimi ta Dakwaro da hukumomin garin Kornaka na da abin yi tun kafin a samu kuɗin babur: a ƙirga yaran ƙauye ƙauye tare da masu gari da kwamitocin iyaye, sannan a bar malamin da aka horar ya raka ɗalibinsa har ya gama firamare.