Ga Ruwa A Bakin Hamada, Amma Wa Ke Koya Wa 'Ya'yanmu Iyo?

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Jihar Kebbi ya san cewa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu abin da ran ɗan Adam yake so irin ruwa. A irin wannan yanayi ne wata rana, a kan hanyata ta komawa Birnin Kebbi daga Kalgo, na ci karo da wasu yara, babbansu bai wuce shekara goma sha biyu ba, sun tuɓe riguna sun rataye a jikin ƙaya, suna ta tsalle suna faɗawa cikin wani rami da aka haƙa don ɗibar ƙasa, wanda sauran ruwa ya kwanta a cikinsa. Babu babba ko ɗaya a wurin. Da na tambayi ɗaya daga cikinsu wa ya koya masa iyo, sai ya yi dariya ya ce ai ba a koyarwa, faɗawa ake yi. Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Jihar Kebbi, wadda aka ciro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, tana cikin jihohi 11 na Arewa da ake lissafawa a sahun gaba wajen fuskantar kwararowar hamada. Amma kuma Allah Ya hore mata ruwan da jihohi da dama ba su da shi. Gulbin Kebbi ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi, ya shimfiɗa fadamar da mutanen Kalgo da Bunza suke noman shinkafa a cikinta. Gulbin Zamfara ya biyo ta Jega ya haɗe da shi. Kogin Kwara ya ratsa kudancin jihar. Sannan tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, ya miƙo har ƙasar Yawuri da faɗin da ya haura murabba'in kilomita 1,200. Ko garin Gwandu, da ba ya bakin babban gulbi, yana da fadamu da tafkuna da kududdufan da damina ke cikawa.

Wasannin ruwa kuwa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa bikin su, Matan Fada ta zama fagen da duniya ta sani. Kada a manta, wannan ziyara ita ce ta rufe babin gabar da ta ɗauki kusan ƙarni guda tsakanin Kabawa da Daular Usmaniyya, gabar da Gwandu, garin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta fi kowa ɗanɗana zafinta saboda maƙwabtaka. Wato ruwa ne ya kashe wutar da takobi ya kasa kashewa. A cikin bikin akwai abin da ake kira Kabanci, inda ake gasar ninƙaya da nutso da tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da kamun kifi da hannu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya. A Yawuri ma akwai bikin Rigata, inda ake baje kolin gwaninta a kan Kwara.

To, a nan gizo yake saƙar. Gwanintar da muke tafa wa ta 'yan kwanaki ce a shekara, kuma ta Sarkawa ce da sauran waɗanda suka gaji ruwa kaka da kakanni. Idan taro ya watse, manyan baƙi suka koma Abuja, ɗan manomi a Kalgo da ɗan malami a Gwandu ba su da inda za su koyi iyo sai kududdufi. Hasali ma bikin kansa ya yi kimanin shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin a farfaɗo da shi a 2020, alhali kuwa a duk tsawon waɗannan shekaru yara ba su fasa shiga ruwa ba ko da bazara ɗaya.

Sakamakon wannan sakaci iri biyu ne. Na farko shi ne nutsewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Mu a Kebbi ba sai an karanta mana rahoto ba. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, kimanin 20 kaɗai aka tsamo da rai. Ko shakka babu lodin wuce kima da tsufan jirgi su ne ummul haba'isi, amma ya kamata mu tambayi kanmu: mutum nawa ne a cikin jirgin suke sanye da rigar kariya, kuma nawa ne suka iya riƙe kansu a saman ruwa na ɗan lokaci har agaji ya iso? Wannan babban hatsari jaridu sun ɗauka. Yaron da ya tafi wanka da hantsi aka tsamo gawarsa da la'asar kuwa, daga maƙabarta sai zaman makoki, babu mai rubuta sunansa a ko'ina.

Na biyu shi ne tsargiya. Ƙwayar cutar tana rayuwa ne a jikin wata ƙaramar katantanwa da ke son ruwa kwantacce mai ciyayi, ta fito ta huda fatar mai wanka, ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara. Shi ya sa ake ganin yaro yana fitsarin jini, har wasu iyaye su ɗauka alamar balaga ce, alhali kuwa cuta ce da kan jawo ƙarancin jini da dakushewar karatu, idan ta daɗe ta lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta, Praziquantel, yana da araha kuma ana rabawa a makarantu, sai dai yaron da ya sha magani yau ya koma kududdufin nan gobe, an yi tufka da warwara ke nan.

Mai karatu zai iya cewa to a hana yara zuwa ruwa mana. An gwada, da tsawa da bulala da tatsuniyar aljanun ruwa, kuma duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙasar nan ya san iyakar tasirinsu. Wasu al'ummomi da suka fi mu ƙarancin ruwan sama wata hanya suka bi. A Amurka, babban yanki na jihohin Nebada da Arizona hamada ce. Ruwan saman da birnin Las Begas ke samu a shekara bai fi milimita 100 da 'yan kai ba, wato Birnin Kebbi ta ninka shi kusan sau bakwai. Duk da haka tafkin Mead, wanda madatsar Hoover ta samar a shekarun 1930, yana karɓar miliyoyin masu zuwa iyo da tuƙin jirage duk shekara, da wuraren wanka da aka keɓe, da allunan gargaɗi, da rumfunan da ake ba da aron rigar kariya kyauta. Ko a 2022, da fari ya sa ruwan tafkin ya koma ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na cikarsa, matsar da mashigun jirage aka riƙa yi ana bin ruwan.

Idan aka ce wannan sai mai kuɗi, to ga Bangaladash, ƙasar da ta fi kama da mu wajen talauci da yawan ruwa. Tun tsakiyar shekarun 2000 suka ɓullo da shirin SwimSafe, inda ake kafa dandamalin gora a cikin tafkin ƙauye, a kewaye shi, a horar da matasan garin su koya wa yara iyon mita 25 da tsayuwa a saman ruwa na daƙiƙa 30 da yadda ake ceton wani ba tare da an faɗa an bi shi ba. Bincike ya nuna mutuwa ta hanyar nutsewa ta ragu matuƙa a tsakanin yaran da suka samu horon. Gora da igiya da malami, su ne duk jarin.

Saboda haka shawarata ba ta gina wani katafaren wurin shaƙatawa ba ce da za a yanke masa ƙyalle a bar wa jemagu. A Kalgo, ƙaramar hukuma da masu sarauta su zaɓi wuri guda mai yashi da ruwa mai gudu marar zurfi, a auna shi, a kewaye da igiya da tutoci, a share ciyayi, a gina makewayi nesa da gaɓa, a ɗauki Sarkawa aiki a matsayin masu koyarwa da masu ceto a ƙarƙashin Sarkin Ruwa. A Gwandu, inda ruwan kwantacce ne, ya fi dacewa a gina madaidaicin kwarmin wanka na siminti a wata makaranta, a cika shi da ruwan burtsatse, sannan a cike ko a shinge ramukan da masu gini da 'yan kwangilar hanya suke bari. A ware ranakun mata da malamai mata, domin su ne suka fi cika jiragen kasuwa kuma su ne ba a koya wa iyo ko kaɗan. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta yake kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, tana iya ɗaukar nauyin gwajin ruwa da ƙididdigar waɗanda suka nutse, hukumar NIWA kuma ta tsaya kan dokar sanya rigar kariya a kowace tashar jirgi.

Malamanmu ma suna da rawar takawa, domin sanannen abu ne cewa ana danganta wa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, umarnin a koya wa yara iyo tare da harbi da hawan doki. Huɗuba ɗaya a masallatan Gwandu za ta yi aikin da allon gargaɗi ɗari ba zai yi ba. Kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli, tun daga 2021, a matsayin ranar yaƙi da nutsewa, wadda ta faɗo daidai lokacin da kududdufanmu suke cika.

Mu 'yan boko da muke kai 'ya'yanmu wuraren wanka na otal a Abuja da Kaduna, mu ne muke zaune a ofisoshin da ake tsara kasafin kuɗi, kuma yaran da na gani a ramin nan 'ya'yan 'yan'uwanmu ne. Kakanninmu sun mayar da gulbi wurin sulhu a 1934; abin da ya rage mana shi ne mu mayar da shi makaranta kafin wata bazarar ta zagayo. Allah Ya kare mana zuriya, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, amin.