Farfaɗo da Tsohon Rumbun Manhaja: Labarin Pattern

Pattern wani rumbu ne na umarnin kwamfuta da aka rubuta da harshen Python don nazarin rubutu. An gina shi a cibiyar bincike ta CLiPS da ke Jami'ar Antwerp a ƙasar Beljiyam, kuma Tom De Smedt da Walter Daelemans suka gabatar da shi ga masana a wata maƙala a 2012. Mai rubuta manhaja yakan miƙa masa jimla, shi kuma ya ware suna daga aikatau, ya mayar da tilo jam'i, har ya ƙiyasta ko jimlar yabo ce ko suka. Yana aiki da harsunan Turai shida, kuma lasisinsa ya ba kowa damar karanta umarnin, ya gyara, ya rarraba kyauta.

Manhaja ba ta tsatsa, gara ma ba ta cin ta. Abin da ke tsufar da ita shi ne ƙasar da take tsaye a kai ta goce. An rubuta Pattern da Python na 2, alhali tun a ƙarshen 2008 aka fito da na 3, wanda da gangan aka sauya masa ƙa'idoji. A tsohon, in an raba 3 gida 2 amsar 1 ce. A sabon kuwa 1.5. Babban bambancin yana wajen haruffa, kuma nan ne ya fi taɓa rumbun da aikinsa ke nan. A tsarin UTF-8, harafin ƙ yana cin gurbi biyu a ma'ajiyar kwamfuta, saboda haka Python na 2, in ba a yi masa bayani ba, yakan ƙirga kalmar "ƙasa" ya ce tsawonta biyar ne. Na 3 ya raba harafi da gurbinsa, ya ce huɗu. Gyara ne mai kyau ƙwarai, amma ya tilasta a bi duk layin da ke karanta fayil ko yanka kalma, a duba shi da ido.

Shekaru Pattern ya yi a wannan hali, masu amfani da shi na ta shigar da koke, hannun gyara kuwa kaɗan. A 2017 wani ɗalibi ya ɗauki aikin mayar da shi Python na 3 ƙarƙashin shirin Google na bazara, wanda ke biyan ɗalibai su yi wa buɗaɗɗun manhajoji aiki. Irin wannan aiki da gwaji yake farawa: ƙananan umarni da ke tambayar rumbun abin da an riga an san amsarsa, kamar jam'in wata kalma. In babu su, mai gyara ba ya sanin ya gyara ne ko ya ɓata. Bayan nan sai a bi kayan aro da rumbun ya jingina da su, a sabunta masu rai, a cire waɗanda masu su suka watsar. A 2018 aka fitar da Pattern 3.6.

Murnar ba ta daɗe ba. Tun a Yunin shekarar Python 3.7 ya fito da sabuwar ƙa'ida kan siginar da umarni ke bayarwa idan ya gama karanta jeri, sai abin da a da ake kawar da kai a kansa ya koma kuskure mai tsayar da aiki. Mutum ya nemi rumbun ya sarrafa aikatau, karon farko ya faɗi, karo na biyu ya yi aiki. Masu amfani suka koyi kiran umarnin sau biyu suna danne kuskuren farko. Gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Abin da aka rasa shi ne mai riƙe da mabuɗi, wanda zai karɓi gyaran jama'a ya fitar da sabon bugu. Wani sashen Pattern ya tsira ta wata hanyar, domin rumbun TextBlob ya kwafi ɓangaren Ingilishi ya ci gaba da renonsa a gidansa.

Takwaran Pattern, wato rumbun NLTK, wanda Steven Bird da Edward Loper suka fara a Jami'ar Pennsylvania a 2001, ya koma Python na 3 tun 2014, kuma bai rasa masu kula ba. Duk da haka a 2024 aka gano cewa tsarin pickle da yake ajiye wasu bayanai a ciki na iya ba ɓarayin intanet ƙofar shiga. Masu kula suka maye gurbin fayil ɗin raba jimloli mai suna punkt da punkt_tab, manhajoji da yawa suka tsaya cik, sai da masu su suka sauke sabon fayil ɗin kafin aiki ya ci gaba.