Wasan Kwaikwayo a Babbar Sakandare: Abin da Ɗan Zangon Kwatano Ke Tararwa

A Jamhuriyar Benin, ɗalibin da ya ci jarrabawar BEPC yakan yi shekara uku a babbar sakandare, wadda ake kira lise, kafin ya zauna jarrabawar Bak. A Faransa, inda aka aro wannan tsari, ɗalibi na iya zaɓar wasan kwaikwayo a matsayin darasi mai zaman kansa har ya yi jarrabawarsa. A yawancin makarantun Kwatano kuwa, ta ƙofar darasin Faransanci yake shigowa, a matsayin littafin da za a karanta a yi sharhinsa. Yaron da ya tashi a Zango, wanda ya saba da finafinan Kano tun kafin ya iya riƙe alƙalami, sai ya tarar an miƙa masa wasa a kan takarda, babu murya, babu motsi.

Marubucin da ɗalibi ba zai kauce masa ba shi ne Jean Pliya, wanda aka haifa a 1931 a Djougou, garin da ya kasance zangon fataken goro masu zuwa Gwanja daga ƙasar Hausa. Wasansa Kondo le requin, wanda ya ci babbar lambar adabin Afirka a 1967, labarin Sarki Behanzin na Dahome ne, wanda ya yaƙi Faransawa har ya miƙa wuya a 1894, aka kai shi tsibirin Martinique, ya rasu a Aljeriya a 1906. Kondo sunansa ne tun yana yarima. Wani wasan nasa, La secrétaire particulière, a ofishin gwamnati yake faruwa: shugaba Chadas mai cin hanci ya fifita Nathalie, wadda ba ta iya aikin ba, a kan Virginie mai takardu da riƙon gaskiya. Duk wanda ya taɓa bin layi don a sa masa hannu a takarda ya san wannan ofishin.

A aji ana koyar da yadda wasa ke kasuwa kashi-kashi da fitowa-fitowa, yadda marubuci ke gabatar da rikici, ya ɗaure shi, ya warware. Ana bambanta maganar da taurari ke yi da umarnin da marubuci ya rubuta a gefe game da shiga da fita da yanayin murya. Abu mafi wuyar kamawa shi ne cewa kowace magana a dandamali kunne biyu take nufa. Idan Chadas yana yi wa ma'aikatansa huɗubar riƙon amana, da su yake, amma marubucin da 'yan kallo yake, waɗanda suka san halin mutumin, shi ya sa suke dariya. Malami na iya cika allo da bayanin wannan, yara su haddace, su rubuta a jarrabawa su ci. Amma a tsayar da ɗalibi ɗaya gaban aji, a sa masa kwat da ta fi ƙarfinsa, a ba shi tebur da tarin fayil, ya yi huɗubar yana laluben aljihun mai neman sa hannu da ido, cikin minti biyu kowa ya gane. A ganina wasan da ba a tsayar da shi da ƙafafunsa ba, rabinsa aka karanta.

Tarihi ma yana bayan wannan ra'ayi, domin a makaranta aka haifi wasan zamani na ƙasar. A makarantar horar da malamai ta William Ponty da ke tsibirin Gorée a Senegal, wadda ta yaye Hubert Maga na Dahome da Diori Hamani na Nijar, ɗaliban Dahome, wato Benin ta yau, sun shirya wasa a 1933 kan ganawar Behanzin da jakadan Faransa Jean Bayol. Abin da ya haɗa mutanen biyu a Abomey a 1889 shi ne taƙaddama kan mallakar Kwatano, wato ƙasar da Zango ke zaune a kanta yau. A 1937 aka kai wani wasan ɗaliban Dahome, Sokamé, har birnin Paris.

Haka abin yake a ɓangaren Hausa. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da wasanni shida don makarantu, Malam Aminu Kano kuma tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasannin da ke zungurar masu mulki da macuta. Daga baya aka sami Shu'aibu Maƙarfi da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai Uwar Gulma na Mohammed Sada, waɗanda ɗaliban Hausa a Nijeriya suka daɗe suna karantawa. Kafin duk wannan akwai tashe, inda daga goma ga azumi yara ke yin gemun auduga da rawanin tsumma su kwaikwayi manya ƙofa-ƙofa. Manhajar Faransanci ba ta san da waɗannan ba, sai dai malamin da ya ga dama ya tambayi ɗan Zango abin da ake yi a gidansu.

Wurin da ake samun hawa dandamali shi ne ƙungiyar wasa ta makaranta da bikin al'adu na shekara. Nan ma da sauran rina a kaba ga 'ya mace, domin iyaye da yawa sun yarda da karatu amma ba su yarda 'yarsu ta fito matar wani gaban jama'a ba, ga atisaye na cin lokacin islamiyya da na shago. Wasu malamai kan ba irin waɗannan yara aikin rubuta wasan, ko shirya sutura, ko tuna wa mai wasa maganarsa daga bayan labule, duk kuwa ɓangarori ne na sana'ar.

Wanda abin ya shiga ransa yana da inda zai nufa bayan Bak ba tare da ya bar yankin ba. A 1991 aka fara gudanar da bikin wasan kwaikwayo na ƙasa da ƙasa na Benin, FITHEB, kuma a 2004 Alougbine Dine ya buɗe makarantar horar da 'yan wasa a Togbin, bakin teku yamma da Kwatano. Mai son yin karatun kusa da masu jin Hausa kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fannin tun shekarun 1970, sai dai zai fara koyon Ingilishi.