Burodin Safe: Daga Ina Alkamarsa Take Fitowa?

Kowace safiya ma'aikaci da ɗalibi sukan zauna a teburin mai shayi su karya kumallo da burodi, amma kaɗan ne ke tambayar inda aka noma alkamarsa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Nijeriya daga ƙasashen waje ake sayo ta.

Dalili kuwa shi ne alkama tana son sanyi. A ƙasar nan ba ta yin kyau sai da hunturu, ta hanyar noman rani, kamar yadda ake yi a Kadawa da ruwan madatsar Tiga. A shekarar 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama domin a noma ta a gida, amma abin da aka girbe bai biya buƙata ba, aka janye dokar a 1992.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren a 2022, alkama ta yi tsada a kasuwar duniya, talakan da bai san hanyar Yukren ba ya ji a aljihunsa.

Alhali kuwa gero da dawa sun saba da ƙasarmu, suna jure ƙarancin ruwa, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero. Ya kamata hukuma ta ƙarfafa manomansu da iri da rumbunan ajiya, makarantun kwana kuma su riƙe kunu da tuwo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.