Kun Tare A Sabon Gari? Abin Dubawa Kafin A Zaɓa Wa Yaro Sakandaren Gwamnati



Kwanakin baya wata baiwar Allah, wadda canjin wurin aikin maigidanta ya taso da su daga Gusau zuwa Legas, ta riƙa zuwa kantinmu sayen maganin ciwon kai. A zuwanta na uku cikin mako biyu na ce, "Hajiya, wa ke shan maganin nan haka?" Ta ce, "Wallahi likita, 'yata ce. Kullum ta dawo makaranta sai ta riƙe kai."

Da na bi diddigi, ashe yarinyar mai shekara 14 tun ƙarfe huɗu da rabi na asuba take tashi, ta hau mota biyu kafin ta isa. Ba ta karyawa, kuma ba ta shan ruwa a makaranta domin banɗakin ba ya shiguwa. An kai ta can ne saboda wani ya ce makarantar ta yi suna.

Mai karatu, idan ƙaura ta kama ka, ka sani sunan makaranta ba ya wadatarwa. Wadda ta dace ita ce wadda jikin ɗanka zai iya ɗaukar zirga-zirgarta kullum har ya gama.

Tun kafin a ɗaure kaya

Shiri daga tsohuwar makaranta yake farawa. Ka karɓi takardar canjin makaranta mai sa hannun shugabanta da hatimi, da sakamakon kowane zango, da sakamakon jarabawar BECE idan yaron ya gama ƙaramar sakandare. Ka haɗa da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da lambar NIN. Ka duba yadda aka rubuta sunansa a kowace takarda. Muhammad a nan, Mohammed a can, ƙaramin abu ne yau, amma yakan zama jidali ranar rajistar WAEC ko JAMB.

Ka kuma lura da ajin da yake. WAEC tana haɗawa da makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, shi ya sa makarantu ba sa son karɓar ɗan ajin ƙarshe. Idan shekara ɗaya ta rage masa, kuma akwai ɗan uwa amintacce da zai riƙe shi, sau da yawa barinsa ya ƙarasa a inda yake ya fi.

Ka nemi ofishin da ya dace

A Legas an raba makarantun sakandaren jiha zuwa gundumomin ilimi shida, kuma ofishin gunduma ta ɗaya yana Agege, inda 'yan uwanmu suke da yawa. Ka je ofishin gundumar da gidanka yake da ƙafarka, ka ji makarantun da ke kusa da kai da sharuɗɗan shiga. Mallakar katin zama ɗan jihar na LASRRA zai rage maka kai-komo. A Ibadan, Fatakwal ko Inugu kuwa, ma'aikatar ilimi ta jiha za ka nufa. Ka guji 'yan tsakani masu cewa ka kawo wani abu su samo maka gurbi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatu kyauta ne kuma wajibi ne har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare a makarantun gwamnati. Duk kuɗin da aka nema, ka tambayi na mene ne, ka karɓi rasit.

Nisa ma batun lafiya ne

Matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a dare. Wanda ke kwanciya sha ɗaya ya tashi huɗu da rabi, gyangyaɗi zai yi a aji ko da malamin ya fi kowa iyawa. Kafin ka yanke shawara, ka bi hanyar da kanka ranar Litinin da safe, lokacin cunkoson motoci, ba ranar Lahadi ba. Ka ƙirga mota nawa zai hau, wace babbar hanya zai tsallaka, akwai gadar masu tafiya a ƙasa ko babu, kuma yaya unguwar take idan damina ta sauka. Sannan ka lissafa kuɗin mota na zango guda. Makarantar kyauta mai nisa takan fi cin aljihu.

Ka leƙa bayan azuzuwa

Idan ka kai ziyara, kada ka tsaya a ofishin shugaban makaranta kawai. Ka roƙa a nuna maka banɗaki. Akwai ruwa? Na 'yan mata daban yake, kuma ƙofar tana rufuwa? Yarinyar da ba ta da inda za ta canja audugar mata, gida za ta zauna duk wata. Yawan riƙe fitsari da ƙin shan ruwa kuma suna buɗe ƙofa ga ciwon mafitsara.

Ka tambaya ko akwai ɗakin kula da marasa lafiya, da wanda ke tsaronsa, da asibitin da ake kai yaro idan abu ya yi tsanani. Idan ɗanka na da sikila, asma ko farfaɗiya, kada ka ɓoye don gudun surutu. Ka rubuta wa malamin ajinsa sunan ciwon, maganin da yake sha da lambar wayarka. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a jakarsa. Mai sikila a bar shi ya sha ruwa a kai a kai, kuma a ɗauke masa horo mai tsanani a rana.

Ka koma lokacin tashi ka tsaya a bakin ƙofa na rabin awa. Su wa ke zama a wurin? Me ake sayarwa? Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin tun 2018, amma mu da ke wannan sana'a mun san shi da tiramol ba su ɓace daga lunguna ba. Baƙon yaro mai neman abokai shi ne ya fi saurin faɗawa hannun miyagu.

Harshe da addini

Tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantun Jihar Legas. Ka shirya wa ɗanka zuciya, ka nemo masa mai taimaka masa, domin harshe riba ne. Idan yana ɗaukar Hausa, Larabci ko darasin addinin Musulunci, ka tambaya ko akwai malamansu kafin ya shiga, kada ya tarar dole ya canja darussa ana dab da jarabawa. Batun hijabi kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi na da 'yancin sanya shi a makarantun gwamnatin Legas. Ka tambayi launi da tsawon da makarantar ta amince da su, da inda yara ke sallar Azahar.

Daga ƙarshe, ka tafi da yaron wurin ziyarar, ka ji ta bakinsa. Ya baro abokansa da unguwarsu ba da zaɓinsa ba. Idan bayan wasu makonni ka ga ya daina cin abinci, ko kullum da safe ciki na ciwo, ka zaunar da shi ku yi magana kafin ka aika a sayo magani.

Ita kuwa Hajiyar da na faro da labarinta, na ba ta shawarar a kai yarinyar asibiti a duba ta, har da idanunta, domin yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana iya jawo ciwon kai. Da zango ya ƙare suka mayar da ita wata makaranta da take zuwa a ƙasa cikin minti ashirin. Ba ta kai waccan suna ba, amma rabon da uwar ta zo sayen maganin ciwon kai har na manta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.