Sabon SSX Da Tsofaffinsa: Wanne Za Ka Saya Wa Yara?

Makon jiya wani maƙwabcina a kasuwa, mai sayar da atamfa, ya leƙo shagona bayan la'asar ya ce, "Alhaji, kai ne ka san kan kayan nan. Yara sun hana ni sakat, wai sai na saya masu gem ɗin nan na zamiya a kan ƙanƙara da suka gani a gidan ƙanwata. An ce kala-kala ne. Wanne zan ɗauka?" Na jawo masa benci na ce ya zauna, don amsar ba ta tsaye ba ce. Bayan ya tafi sai na ga ya kamata in rubuta abin da na gaya masa, tunda iyaye da yawa a zango sun yi mini wannan tambayar, kuma ni kaina na taɓa kashe kuɗi a kan abin ba tare da na tambaya ba.

Ni dai ban taɓa ganin dusar ƙanƙara da idona ba. Iyakar sanyin da na sani shi ne na hunturun Katsina da asuba, lokacin da ruwan buta ke yanka hannu. Sana'ata sayar da kayan lantarki na gwanjo a Kumasi, irin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. A 2004, a cikin wani kwali na rediyo da bidiyo, na tsinci PlayStation 2 baƙa mai kauri, da hannu biyu, da faifai guda da mai ita ya manta a ciki. A jikinsa an rubuta SSX Tricky. Na kai ta gida da niyyar in gwada ko tana aiki in mayar shago. Har yau ba ta koma ba.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum ne tsaye a kan katako guda, kamar allon makaranta amma ya fi shi tsawo, ƙafafunsa biyu ɗaure a kai, yana gangarowa daga kan dutse mai lulluɓe da dusar ƙanƙara. Ko dai ka yi tsere da mutum biyar ka riga su isa ƙasa, ko kuma ka tara maki da tsalle da alkafura a sama. Kamfanin EA ne ya yi shi a reshensa na Kanada. Na farkon ya fito a 2000 tare da fitowar PlayStation 2 ɗin kanta, Tricky ya biyo baya a 2001. Daga baya da na samu na farkon na gwada, sai na ga yawancin hanyoyinsa ne aka gyara aka dawo da su a Tricky, aka ƙara sababbi biyu, Garibaldi da Alaska. Wanda ke da Tricky bai rasa komai ba in bai ga na farkon ba.

Abin da Tricky ya zo da shi na kansa shi ne ma'aunin da ke gefen talabijin. Duk tsallen da ka yi ka sauka lafiya yana hawa. In ya cika, sai waƙar Run-DMC da aka sa wa wasan sunanta ta tashi, kai kuma ka samu ikon yin wata irin alkafura da hankali ba zai ɗauka ba: mutum ya cire katakon daga ƙafarsa a sararin sama, ya juya shi a wuya kamar farfela, ya mayar kafin ya taɓa ƙasa. In ka yi irin wannan sau shida, gudunka ba ya ƙarewa har ƙarshen tseren. Akwai kuma mugunta a ciki. Kana iya ture na kusa da kai ya faɗi, ma'auninka ya cika nan take, amma fa shi ma ba ya mantawa, a tsere na gaba kai zai nema. Wuraren ma ba na duniyar nan ba ne. Akwai wanda aka jawo dutsen ƙanƙara aka kawo gaɓar Hawai, akwai wanda ake ratsa titunan birni da dare a tsakanin benaye. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ƙarya irin ta tatsuniyar Gizo, wadda kowa ya san ƙarya ce kuma ba mai tashi sai an ƙare.

To, ga inda abin ya shafe ni. Babban ɗana yana da shekara tara a lokacin. Kun san al'adarmu da ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na wasa da shi a gaban mutane, in ya shigo ya gaishe ni ya fita. Haka mahaifina ya yi da yayana, haka na taso na gani. Amma gem ɗin nan yana raba fuskar talabijin gida biyu, kowa da rabinsa, kowa da hannunsa. Dare na uku ina ta faɗuwa ni kaɗai, sai na ji ƙaramar murya daga bakin ƙofa: "Baba, sai ka saki maɓallin daidai bakin tudun." Na miƙa masa ɗaya hannun ba tare da na dube shi ba. Tun daga ranar, bayan isha'i, muna zama a tabarma ɗaya kafaɗa da kafaɗa, idonmu duka a kan talabijin, don haka ba wanda ya kalli wani balle kunya ta shiga. Ranar da ya fara ture ni na faɗi, ya yi tsit yana jiran faɗa. Da ya ji na fashe da dariya, uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Malam, lafiya kuwa?"

SSX 3 ya fito a 2003, ni sai wajen 2006 ya zo hannuna. A ganina shi ne sarkinsu. Maimakon hanyoyi warwatse a ƙasashe daban-daban, sai aka yi dutse ɗaya tal mai ƙololuwa uku, hanyoyin duka a haɗe. In ka buɗe ko'ina, kana iya farawa daga can sama ka gangaro har gindin dutsen ba tare da wasan ya tsaya ba, tafiyar kusan rabin awa. Akwai mai gabatar da shiri a rediyo da ke ba ka labarin yanayi da gasar da ke gaba, akwai kuɗin da kake tarawa ka shiga masauki ka sayi ƙarin gudu ko sabuwar riga. Haukan ya ɗan ragu, zurfin ya ƙaru, kuma mutum biyu suna nan da wurinsu. Aibinsa ɗaya a gidana shi ne doguwar gangarar nan. Tseren Tricky 'yan mintoci ne, in an kira salla ka ƙarasa ka tashi. Wannan kuwa in yaro ya fara ta gab da magariba, sai an yi da gaske.

An yi SSX On Tour a 2005 da SSX Blur a 2007 na na'urar Wii. Sun ratsa ta shagona, ban riƙe ko ɗaya ba.

Sai na 2012, wanda aka kira SSX kawai, na PlayStation 3 da Xbox 360. Gaskiya a faɗe ta, ranar da na fara kunna shi bakina a buɗe ya tsaya. Masu shi sun ɗauko bayanan tsarin duwatsun duniya daga hukumar NASA ta Amurka, waɗanda tauraron ɗan'adam ya auna, suka gina wasan a kansu suka yi masu kwaskwarima. Jirgi mai saukar ungulu ne ke kai ka ya sauke ka a saman dutse. Yankuna tara ne, kowanne da abin da ke neman ranka da kayan da za ka kare kanka da su. A Himalaya iska ce ba ta isa, sai da tukunyar iskar shaƙa, in ka manta ka zuƙa sai gani ya fara dushewa. A Antatika sanyi ne, in ka daɗe a inuwa ka daskare. A Patagoniya ramuka ne masu faɗi da ba a tsallake su sai da riga mai fukafukai irin na jemage. A Alaska dusar ce ke zaftarowa a bayanka tana bin ka. Afirka ma ta samu shiga: Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, inda ake bi ta kogunan dutse cikin duhu da tocilan a goshi. Ban ɓoye maku ba, na ji daɗin ganin sunan dutsen nahiyarmu a wurin.

An kuma sa maɓallin mayar da lokaci baya. In ka faɗa rami sai ka ja abin ya koma kafin ka faɗa. Za ka yi amfani da shi sosai, don ramukan sun yi yawa. A tsofaffin, in ka faɗi dariya ake yi ka tashi ka ci gaba. A wannan, wasu hanyoyin faɗuwa ɗaya ta isa a ce ka sake daga farko. Babba mai haƙuri zai ji daɗin wannan, yaro ɗan shekara bakwai kuwa kuka zai yi ya jefar da hannun.

A 2013 na saye shi, gab da babbar salla. Ɗan nawa ya kai sha takwas, bayan salla zai tafi Lome wajen ƙanena ya koyi kasuwanci. Na ce bari mu yi bankwana da abin da muka saba. Har hannu na biyu sabo fil na saya. Muka zauna a tabarma, ya bi jerin zaɓin wasan sama da ƙasa har sau uku, sannan ya ce, "Baba, babu na mutum biyu." Na ce ya sake dubawa. Babu ɗin ne. An tsara shi ne don gasa ta intanet: ka yi gudunka, a ajiye inuwarka, abokinka a wata ƙasa ya zo daga baya ya yi tsere da inuwar. Daga baya an ƙara hanyar tsere kai-tsaye, ita ma ta intanet. Raba talabijin gida biyu kam ba a yi shi ba. Laifina ne, a bayan kwalin an rubuta adadin 'yan wasa, ni da ke sayar da kayan ban juya na duba ba. Ga shi lokacin ɗauke wutar nan ne da mutanen Gana ke kira dumsor, intanet ɗin gida kuwa ba a maganarsa. Muka koma karɓa-karɓa, shi ya yi ni in kalla. Da na zama ɗan kallo sai na ga ina kallonsa shi, shi ma ya lura, sai kunyar ta dawo. A dare na biyu shi da kansa ya tashi ya jawo tsohuwar PlayStation 2 daga ƙarƙashin gado ya kaɗe ƙurar.

Tun daga 2012 ba a sake fitar da wani sabon SSX ba, don haka zaɓin bai wuce waɗannan ba. Abin da na gaya wa maƙwabcina shi ne: in yaro ɗaya ne babba, mai son abu mai wuya da hoto mai kyau, na 2012 zai riƙe shi wata da watanni. Shi kuwa 'ya'yansa maza uku ne a ɗaki ɗaya, hannu ɗaya a tsakaninsu rigima ce zai saya da kuɗinsa. Na ce ya nemi PlayStation 2 da Tricky, in ya samu SSX 3 ya haɗa.

Na kuma ja masa kunne a kan abubuwan da gwanjo ke ɓoyewa. Faifan PlayStation 2 na Amurka ba ya aiki a na'urar Turai, na Turai ma haka, sai a daidaita su. Mai kaurin da ta fito daga Amurka wutar 120 take sha, tamu a nan 230 ce, in ka jona ta kai-tsaye hayaƙi za ka gani. A sayi katin ajiya, in ba haka ba duk abin da yara suka buɗe zai tafi da an ɗauke wuta. Sannan a danna maɓallan kafaɗa huɗun nan na kowane hannu ɗaya bayan ɗaya kafin a biya, don da su ake kama katakon a sama, kuma su ne ke fara mutuwa. Kiɗan yana da ƙarfi, amma ana iya rage shi a cikin saitin wasan.

Shekaranjiya ya dawo ya ɗauki ƙaramar PlayStation 2 ɗin da ke shagona da hannu biyu. Faifan Tricky ne ban da na sayarwa, ya ce in ba shi aron nawa. Na ce sai bayan salla, don mutumin Lome ya yi waya zai zo da iyalinsa, kuma ya riga ya tambaya ko na gyara hannun nan da maɓallinsa na dama ke maƙalewa.